Keken dattijai a jirgi daga Kano zuwa ƙasar waje: amfaninsa da inda yake yankewa

Duk kamfanin jirgin da ke ɗaukar fasinja daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano zuwa ƙasar waje yana da hidimar da yake yi wa dattijo ko marar lafiya. Za a ɗauke shi a keken guragu daga wurin awon kaya, a wuce da shi shige da fice da wurin bincike, a shigar da shi jirgi kafin kowa, a tarbe shi inda za a yada zango, a kai shi jirgi na biyu, sannan a can a tura shi har bakin fita. Kyauta ce, ba a ƙara ko kwabo a kan kuɗin tikiti. Ita muka duba a nan, a kan hanyoyin da mutanen Kano suka fi bi in za su kai Baba asibiti a Indiya ko Masar, ko su kai Hajiya ganin jikoki a Ingila da Amurka, ko a tafi Umara. Hukuncinmu shi ne hidima ce mai kyau ƙwarai, kuma bai kamata a yi doguwar tafiya da wanda ya haura 70 ba tare da ita ba. Sai dai ba ta gudana da kanta. Wuri biyu ta fi lalacewa: teburin ejan da ya yanki tikiti, da filin da ake canza jirgi.

Mu fara da ejan. Abin da yawancinmu muke cewa shi ne, "A sa wa Hajiya keke." Ejan ya ce to, ya buga WCHR ya wuce. Alhali a tsarin da kamfanonin jirage na duniya suke aiki da shi keken iri uku ne. WCHR na wanda nisan tafiya kawai ke wahalar da shi, amma zai hau matakalar jirgi ya taka zuwa kujerarsa. WCHS na wanda ba zai iya hawa matakala ba, amma in an kai shi bakin ƙofa zai lallaɓa ya zauna. WCHC na wanda ba ya takawa sam, sai an ɗora shi a wani siririn keke da ke bi ta tsakanin kujeru an kai shi har mazauninsa.

Harafin ƙarshen nan shi ne komai. Ba kullum jirgi ke tsayawa a jikin gini ba. Sau da yawa can nesa yake tsayawa, a kwashi mutane a bas, a kai su gindin doguwar matakala. In takarda ta ce S ko C, za a turo wata mota mai ɗaki a bayanta wadda ke ɗaga fasinja da kekensa har daidai ƙofar jirgi. In ta ce R, babu wanda zai turo ta, domin kai da kanka ka rubuta cewa za ta iya hawa. A nan ne ake ganin 'ya'ya biyu sun riƙe uwarsu ta hammata suna jan ta matakala ɗaya bayan ɗaya, jama'a na jira a baya. Duk dattijon da gwiwa ta sa yake salla a kan kujera, S ne nasa, kada a yi jayayya.

Ka nemi ejan ya buga maka bayanin tikitin a takarda ka duba da idonka. Tafiya da dawowa ta hanyar yada zango hawa huɗu ne, saboda haka layi huɗu na keke za ka gani, kowane jirgi da nasa. A gefen kowane layi akwai haruffa biyu. HK na nufin kamfani ya amsa ya tabbatar, NN na nufin an dai nema ana jiran amsa, UC kuwa ba a samu ba. A yi wannan aƙalla awa 48 kafin tashi. Kuma duk sanda aka canza ranar tafiya a sake dubawa, don buƙatar keke tana yawan zubewa in an sabunta tikiti. Haka in wani kamfani ne ya sayar da tikitin amma jirgin abokin hulɗarsa za a hau a zango na biyu, a kira na biyun kai tsaye a tabbatar saƙon ya isa gare su.

Kafin wannan duka akwai aikin lallashin mai tafiyar. Sunan da muke kiran abin, keken guragu, shi ke ɓata magana. Dattijon da ke zuwa masallaci da ƙafarsa sau biyar zai ce, "Ni lafiyata lau, me zan yi da shi?" Gaskiya ya faɗa, amma bai san cewa a babban fili tsakanin ƙofa da ƙofa tafiyar minti 15 zuwa 20 ce ga matashi ba, bayan an kwana a zaune, sannan ga tsayuwa a layi. Abin da ya fi shiga shi ne a ce, "Baba, ba don rashin lafiya ba ne. Hanyar ce da nisa, kuma albarkacinka mu ma ba za mu bi layi ba." Wanda aka nema masa keke yana iya cewa ba ya so a ranar. Wanda ba a nema masa ba, samunsa a take sai an yi sa'a.

A filin Kano, keken yana fitowa ne bayan an gabatar da kai a kantar kamfani, saboda haka tsakanin mota da kanta akwai ɗan rata da hidimar ba ta rufe ba. Dabarar ita ce mutum ɗaya ya shiga da fasfo da tikiti ya sanar, dattijo ya zauna a mota har a kawo. A iso awa 4 kafin tashi, ba 3 ba, musamman a jiragen Jidda cikin azumi, lokacin da masu neman keke suke da yawa kuma masu turawa ba sa wadatarwa. Sallama da 'yan rakiya a gama ta a gida. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo yana jinkirta jirage a Kano, wani lokaci ya hana sauka ɗungurungum, don haka a cikin hunturu kada a sa ranar ganin likita a can washegarin isa. A bar kwana biyu.

Mai tura keke yana da sauri, kuma yakan bi ta hanyar da ba ta kowa ba. Mutum ɗaya aka saba bari ya bi shi. In iyali ne da yara, a raba aiki tun daga gida: wane yana tare da Kaka, riƙe da fasfonta da jakar magani, wance tana tare da yara da takardunsu. Kada fasfon dattijo ya kasance a hannun wanda ke layin gama-gari. A wurin bincike, mace ce za ta duba mace. In akwai ƙarfe a ƙugu ko gwiwa, ko na'urar daidaita bugun zuciya, a faɗa kafin a shiga ƙofar na'ura. Sanda za ta bi ta injin duba kaya a dawo da ita. Hajiyoyi su haƙura da baƙin lalle a kan yatsu har a dawo, domin zanen yatsan tsofaffi dama ya shafe, lalle kuma yana ƙara hana na'ura ɗauka.

A cikin jirgi ne mutane suka fi zaton abin da babu. Ma'aikatan jirgi za su ajiye kaya a sama, su buɗe abinci, su tura siririn keke zuwa ƙofar banɗaki. Ba za su shiga banɗaki da fasinja ba, ba sa ciyarwa, ba sa ba da magani ko yin allura, ba sa ɗaga mutum. Wanda ke buƙatar ɗaya daga cikin waɗannan dole ya tafi da mai kula da shi, kuma ya fi kyau mace ta raka mace, namiji ya raka namiji, saboda kunyar uwa ga ɗanta a wannan fannin ba abin wasa ba ce. Wurin zama, a zaɓi na bakin hanya, layi biyu ko uku daga banɗaki, wanda hannun kujerarsa ke ɗagawa. Layin ƙofar gaggawa da ake kwaɗayinsa don sararin ƙafa ba a ba wa mai keke. Layin farko na bayan bango yana da sarari, amma hannun kujerarsa a kafe yake, zama da tashi sun fi wuya. A tambayi irin jirgin: manya masu hanya biyu, irin Boeing 787 da Airbus A350, galibi suna da banɗaki guda mai faɗi, ƙananan masu hanya ɗaya kamar Boeing 737 ba su da shi.

Maganar banɗakin nan a tsaya a kanta, don ita ce tushen rabin wahalar. Dattijuwa ta san tashi zai yi mata wuya, kuma ba ta son ta dami kowa, sai ta daina shan ruwa tun daga gida. Iskar cikin jirgi kuwa busasshiya ce, danshinta bai kai kashi 20 cikin 100 ba, kamar tsakiyar hunturu. Awa 12 ba ruwa ga mai hawan jini ko ciwon suga yana kawo jiri, ruɗewa, da faɗuwa wajen miƙewa. Zaman da ya wuce awa 4 ba motsi kuma yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa. Maganin abin shi ne mai rakiya ya riƙa ba da kofin ruwa kowace awa, shi ma ya sha, kuma kowace awa biyu ya ce, "Inna, zan zaga, mu je tare," ba sai ta nema ba. A zaune a riƙa ɗaga dunduniya da juya idon sahu. Safar matse ƙafa mai tsayi zuwa ƙasan gwiwa tana taimakawa, amma a auna ta, kuma wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai ko yake da gyambon suga kada ya sa sai likita ya yarda. Kada a sha asfirin da sunan rigakafi ba da izininsa ba. Goro da shayi mai kauri a rage, suna ƙara fitsari. Mai shan ƙwayar sa fitsari ya tambayi likita lokacin da zai sha ranar tafiya. Ga wanda riƙe fitsari ke yi wa wuya, kunzugun manya sutura ce, a sa ɗaya a riƙe uku a jaka, tare da kayan canji cikakku. Alwala a yi ta a ƙasa kafin hawa. Banɗakin jirgi matsattse ne, ruwa kaɗan ya zuba ya zama santsi, ga sauƙin kasaru da haɗa salloli da addini ya ba matafiyi.

Yanzu hanyoyin. Ethiopian Airlines tana bi ta Addis Ababa, kimanin awa 5 daga Kano, kuma tana da yawan garuruwa a gaba: Mumbai, Delhi, Landan, Washington, Guangzhou. Kuɗinta yakan yi sauƙi, kuma tana ba da masauki ga wanda jiransa ya kai awa 8 zuwa 24 a kan tikiti ɗaya. Abin lura biyu ne. Filin jirgin Addis, wato Bole, yana kan tudu mai tsayin mita sama da 2,300, Kano kuwa ba ta kai 500 ba. Iskar cikin jirgi daidai take da ta tsaunin mita 1,800 zuwa 2,400, wato wanda ya sauka a Addis bai huta daga ƙarancin oksijin ba, jikinsa yana nan kamar yana sama. Ga mai ciwon zuciya ko na huhu wannan babban abu ne, ga kuma sanyi da dare. Na biyu, jirage da yawa a can nesa da gini suke tsayawa, saboda haka a wannan hanyar ce bambancin R da S ya fi bayyana.

EgyptAir ta Alƙahira ita ce mafi gajarta zuwa Landan a cikin hanyoyin nan, awa 4 zuwa 5 sannan wasu 5, kuma ga mai zuwa asibiti a Masar hawa ɗaya ne. Dattijon da ke jin Larabci zai fi sakewa a nan. Qatar Airways ta fara zuwa Kano a Maris 2022. Zangon farko ya fi tsayi, wajen awa 7, amma Doha tana bakin teku, filin Hamad shimfiɗaɗɗe ne mai motocin ɗaukar fasinja a ciki da wuraren salla da hutawa, kuma daga can zuwa Delhi awa 4 ne. A tambaya ko jirgin ranar zai biya ta wani gari a Najeriya, domin wannan ƙarin zama ne a kujera. Tikitinta yakan fi tsada. A ganinmu, ga mai raunin numfashi ko wanda ba ya takawa, wannan ƙarin ya cancanta, araha ba ta ado. Ga mai Umara, jirgin da ke tafiya Jidda ko Madina kai tsaye ya fi kowane, ko da kuɗinsa ya ɗara. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage suna kauce wa samaniyarta, saboda haka hanyoyin gabas sun ɗan ƙara tsawo.

Kowace aka zaɓa, tsawon jira shi ne abin dubawa. Mai keke shi ke fara shiga jirgi, shi ke fita a ƙarshe, bayan kowa ya sauka kuma mai turawa ya iso. Minti 30 yana tafiya a nan kaɗai. Jiran awa ɗaya da rabi da kwamfuta ke yarda da shi an auna shi ne da mai ƙafa. Awa 3 zuwa 5 shi ne daidai: a zaga, a yi salla, a ci abinci, a sha magani. A filin yada zango akan ajiye masu keke a wani ɗaki a ce za a dawo a ɗauke su. Mai rakiya ya riƙa duba allo da agogo, in saura awa ɗaya ba wanda ya zo ya tashi ya yi magana. Tikiti kuma ya zama ɗaya daga Kano har ƙarshe. In an yanka biyu daban don rage kuɗi, za a karɓi kaya a tsakiya a sake aunawa, kuma in jirgin farko ya makara na biyu ba ruwansa. A sani kuma mai fasfon Najeriya yana buƙatar bizar wucewa ko da canza jirgi kawai zai yi a Ingila ko ƙasashen Turai masu bizar bai ɗaya ta Schengen, sai in yana riƙe da wata bizar da ta ɗauke masa wannan.

Magani duka a jakar hannu, cikin kwalinsa na asali, da ƙarin na mako guda, tare da wasiƙar likita mai ɗauke da sunan sinadarin kowane. Insulin ba ya shiga kayan awo, sanyin ƙasan jirgi yana iya daskarar da shi ya lalace. Dokar da ta hana shiga jirgi da abu mai ruwa fiye da mililita 100 a jakar hannu tana da sassauci ga magani in an nuna takarda. Tramadol da kodin da makamantansu suna jawo tsarewa a Masar da ƙasashen Larabawa in babu takardar likita, a bincika jakar Hajiya da kyau, har da ƙullin da maƙwabta suka ba da saƙo. Addis, Doha da Jidda suna gaban Kano da awa 2, Indiya da awa 4 da rabi, gabashin Amurka yana baya da awa 5 ko 6. A bar agogo ɗaya a lokacin Kano a riƙa ba da magani da shi har a sauka, sannan a matsar a hankali. Mai allurar insulin ya karɓi jadawali a rubuce. Abinci ma da lamba ake nema, DBML na mai suga, LSML na mai hawan jini, amma a riƙe dabino da biskit don jinkiri. Kilishi, dambun nama da man shanu ba sa shiga Ingila da Tarayyar Turai, nama kuma ba ya shiga Amurka.

Wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko ya sami bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko yake buƙatar oksijin, sai likitansa ya cike fom ɗin kamfani mai suna MEDIF, a tura kwana 2 zuwa 3 kafin tafiya, likitan kamfani ya amince. Wasiƙar asibiti kaɗai ba ta maye gurbinsa, ko daga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ta fito. Gwajin da likitoci suka saba yi shi ne ko mutum zai iya tafiyar mita 50 ko hawa bene ɗaya ba tare da haki ba. Tukunyar oksijin ta gida ba ta hawa jirgi, sai ƙaramar na'urar tace iska da kamfani ya amince da ita, da batirin da zai kai tsawon tafiyar sau ɗaya da rabi. Mai gigin tsufa lambarsa DPNA ce, kuma a rataya masa kati mai sunansa da lambar waya.

Fasfo ya kasance da sauran wata 6, suna kuma ya dace harafi da harafi, Muhammad ba Mohammed ba ne a wurin kanta. Katin rigakafin shawara yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 na har abada ne. Wanda ya wuce 60 bai taɓa yi ba ya fara ganin likita, don allurar farko ta fi haɗari a wannan shekarun, Indiya kuma tana killace wanda ya zo ba kati har kwana 6. Saudiyya tana neman ta sanƙarau daga masu Hajji da Umara, ita ma kwana 10 kafin isa.

In za a tafi da keken gida, kyauta ake ɗauka, ba ya shiga cikin jaka biyu masu kilo 23. A cire matashi da matakin ƙafa a riƙe a hannu, a ɗauki hotonsa, a nemi a liƙa masa alamar karɓa a bakin ƙofar jirgi. Mai batirin litiyam sai an sanar tun farko, kuma batirin da ake cirewa kada ƙarfinsa ya wuce Wh 300. In keken ya fito a karye, a cike takardar ƙorafi kafin a bar wurin ɗaukar kaya, domin Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan haƙƙin fasinjan jirgi kwana 7 kacal ta bayar a kai ƙara a rubuce.

Dawowa ce aka fi sakaci da ita. Wanda ya tafi yana R yana iya dawowa yana C bayan tiyata, kuma MEDIF ɗin tafiya ba ya aiki a dawowa, sabo likitan can zai cike. In an yi aikin ido aka sa kumfar gas a ciki, ba a hawa jirgi sai likitan ido ya ce ta baje, saboda gas yana kumbura a sama. Awa 48 kafin tasowa a kira kamfani a sake tabbatar da layukan keke biyu da suka rage, a gida kuma a shaida wa mai zuwa ɗauka ya kawo mota mai ƙasa-ƙasa, ya jira aƙalla awa ɗaya bayan saukar jirgi kafin ya sa ran ganinsu.